Kofi Na Biyu a Kicin ɗin Kawu Botvid

Shekara hamsin da ɗaya Kawu Botvid ya yi yana hawa rufin mutane. A ƙauyenmu, can ƙuryar arewacin tsibirin Gotland, babu ɗakin tumaki ko rumbu mai jinka da ƙafarsa ba ta taka ba. Wan mahaifiyata ne. Bai taɓa aure ba, wai bai samu sarari ba. Dukiyarsa tumaki arba'in da biyu masu ƙaho, sai wani rago mai baƙin hali da na raɗa wa suna Fasto, don in ya zuba maka ido sai ka tuna duk abin da ka aikata ranar Asabar. A ƙasa Kawu ba abin kallo ba ne: gajere, ga doro, ga kunnuwa kamar hannun tukunya. Amma da ya hau sama, ko likita ne a ƙasa sai dai ya ce "to" ya miƙa ciyawa.

Ni Melker nake. Na bar makaranta saura shekara ɗaya, ko kuma ita ta bar ni, ya danganta da wanda ka tambaya. Na yi aikin jirgin fito wata bakwai, na sayar da askirim a Visby, babban birnin tsibirinmu, na tuƙa motar burodi har ranar da ta ga dama ta shiga gonar karas. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce na wanke kaina. Da hannuna a abin da ya faru. Amma hannu ɗaya ne. Sauran hannayen, gida ashirin da shida, suna nan suna gaishe ni a kanti kamar ba su yi komai ba.

Baibaya da ag ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ciyawar fadama ce mai bakin zarto, a yanke ta a watan Yuli, ta bushe, a tara. Ranar ɗora ta sai mutum talatin: wasu na miƙawa da sanduna masu yatsu, wasu na shimfiɗawa, wasu na tattakawa. Gefe biyun rufin tare ake tashi da su, in ba haka ba nauyi ya rinjayi gefe ɗaya katakai su karkace. Kuma rana ɗaya ake gamawa, a rufe ƙololuwa kafin ruwa ya samu hanya. Ba a biyan kowa. Gayya ce. Mai gida ya yanka rago, a yi fanken shinkafa mai za'afaran, a cika tulu da dricka, giyar nan tamu mai ƙaurin hayaƙi, shi ke nan.

Gayyatar ma a ƙauyenmu da tsarinta, ba a yin ta a waya. Mai rufi zai taka da ƙafarsa gida gida, mako guda kafin ranar, ya zauna a kicin, a zuba masa gahawa, a yi zancen tumaki da iska, can ya ce, "Asabar nake tunanin taɓa rufin nan." Babu wanda zai ce zai zo ko ba zai zo ba. Mu ba ma iya ce wa mutum a'a ido da ido, gara a cire mana haƙori. In aka ɗauko buta aka ƙara masa kofi na biyu, to za a zo. In aka bar kofin a bushe aka shiga zancen tsadar man fetur, ya samu amsarsa, sai ya nemi hularsa.

Ciwo ɗaya Kawu yake da shi, kuma kalma ce: Goth. Ya kamu tun yana ɗan shekara goma sha uku. Wani malami ɗan tsallaken teku yana koya musu yadda wasu dabbobin mutane da ake kira Goth suka afka wa birnin Rum suka wawashe shi. Botvid ya shigo aji a makare, daga wurin haihuwar tunkiya, da jini a hannun riga. Malamin ya toshe hanci ya ce, "Ga ɗaya nan ya iso." Aji ya kwashe da dariya. Shekarar da ta biyo ya bar makaranta, amma bai bar maganar ba. Motar littattafan aro da take zuwa ƙauye duk mako biyu, shi ya fi kowa damunta. Ya karanta na harshenmu, ya karanta na Jamusanci da ƙamus a gefe, kalma kalma, kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin tsaninsa ya sha karatun. Ni har na haddace.

"Kai, me muke kiran kanmu a tsibirin nan?"

"Matalauta, Kawu."

"Zan jefo maka guduma. Me muke kiran kanmu?"

"Gute."

"To mutanen can da suka je Rum, da bakinsu Gut suke ce wa kansu. Rumawa ne suka rubuta yadda kunnensu ya ji, har ya zama Goth. Tushensu ɗaya da namu. Ka san daga ina ya fito? Daga tsohuwar kalmar zubawa. Zuba ruwa, zuba abin sha, zuba narkakken ƙarfe. Masu zubawa ke nan."

"Me suke zubawa?"

"Nan masana suka watse. Wani ya ce a bakin kogi suke zaune, inda ruwa ke zuba. Wani ya ce zuri'a suke zubawa, wato dai maza."

"Wannan nake so, Kawu."

"Na san shi za ka so, ɗan banza. Ni dai a nawa ganin, mutane ne da in baƙo ya shigo sukan ɗauko buta. Ba ni da takardar da ta ce haka. Amma babu inda sunan ya ce ɓarna. Wanda aka ci da yaƙi ne ya riƙe alƙalami, shi ya mai da shi zagi. Bayan shekara dubu wasu Italiyawa suka ga coci-cocin arewa masu tsini, ba su yi musu ba, suka ce aikin Goth ne, wato aikin jahilai. Yanzu kuma yaran nan masu rambaɗa baƙin kwalli a Visby sun ɗauka sunan tufafi ne."

Ko daga tsibirinmu Goth ɗin suka tashi, ko daga wani wuri, masana har gobe musu suke yi, Kawu kuma ya sani. In ka matsa masa sai ya ce, "Ban ce ina wurin ba." Abin da ba ya yafewa shi ne a ce ma'anar sunan mugunta ce.

Sai ga Sixten Ahlqvist. Ɗan ƙauyen ne, amma shekara talatin da biyar ya yi a Stockholm yana aikin inshora. Ya dawo da fansho da farin wando, kafin shekara biyu ya zama shugaban ƙungiyar raya tarihin gari. Ya samo tallafin kafa allon bayani a tsofaffin kaburburan da ke bayan gonar Kawu, tarin duwatsun nan da tumaki ke kwanciya a kai. Ko kalma ɗaya bai tambayi Kawu ba, mutumin da yake cikin ƙungiyar tun Sixten bai iya ɗaure takalmi ba. Wani kamfanin talla na tsallake aka ba wa rubutun.

Ranar Alhamis, farkon watan Yuni, aka kafa allon aka lulluɓe shi da zane, za a buɗe Lahadi bayan coci. Ni na ɗaga zanen, ba don komai ba sai don an rufe. Wani ƙato aka zana, da kwalkwali mai ƙaho, da wuta a hannu, ya wage baki. A ƙasa an rubuta wai sunan Goth yana nufin mutanen daji marasa tausayi. Na kira Kawu. Ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi, kunnuwan nan suka yi jawur.

Ranar ya je gidan Sixten, ni ina biye. Mun same shi yana ba furanni ruwa.

"Sixten, rubutun nan ƙarya ne. A gyara."

"Haba Botvid. Masu yawon buɗe ido ba karatu suke zuwa yi ba, hoto suke so. Kuma an riga an buga."

"A bayan gonata? A kan kakannina?"

"Kakanninka ba su iya karatu ba, ba za su ji haushi ba," in ji Sixten, ya yi dariya shi kaɗai.

Asabar da tsakar rana muka je da tsani da sukundireba. Motoci uku suka wuce, duk suka ɗaga mana hannu, don a ƙasar nan in kana riƙe da tsani babu mai tambayarka. Kawu ya kwance allon a hankali, ya zuba kusoshin a ambulan, niyyarsa ya ajiye shi a sito har a gyara. Ni ne na ce ƙofar garken Fasto ta karye, allon kuma daidai faɗinta. Ni ne kuma na mayar da zanen a kan kwalin injin wanki don kada a gane da wuri. Waɗannan biyun nawa ne, na ɗauka.

Lahadi aka taru. Ga wata babbar jami'a daga ofishin lardi, ga ɗan jarida, ga yara sun yi waƙa. Sixten ya yi jawabi na minti ashirin, ya ja igiya, zane ya faɗi, jama'a suka tsaya suna karanta yadda ake haɗa injin wanki da famfo. Litinin hoton ya fito a jarida, bakin Sixten a buɗe. Tsibirin kaf ya yi mana dariya. Ka zagi mutumin ƙauyenmu, zai haɗiye. Amma ka sa 'yan Visby su yi masa dariya, ka taɓo inda ba ya warkewa.

Da Sixten ya zo karɓar allon, sai ya tarar Fasto ya ja da baya yana gwabza wa mai kwalkwali karo, ƙaho da ƙaho. Sixten ya ce sai Kawu ya ba da haƙuri a gaban ƙungiya. Kawu ya ce a gyara rubutun, shi zai kafa allon da hannunsa. Aka tsaya a nan. Ni na je na ce ni na yi, a ɗora mini. Sixten ya ce, "Kai wa yake lissafi da kai?" Da gaskiyarsa.

To shekarar ce kuma rufin Kawu ya kai lokacin sabuntawa. Ɗakin tumakinsa ya haura shekara ɗari biyu, gefen arewa ya lotsa tun sanyin da ya wuce, ruwa na ɗiga a kan ingirici. In ba a baibaye shi kafin ruwan Satumba ba, tumaki arba'in da biyu ba su da wurin kwana ba su da abin ci in sanyi ya shigo. Mun yanke ag a Yuli ni da shi, har yau tabon yankanta yana hannuna.

Ƙarshen Agusta ya sa farar rigarsa ta zuwa jana'iza ya fita gayyata. Kwana uku yana tafiya, gida ashirin da bakwai. Rana ta uku da yamma na same shi a kicin ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi.

"Yaya, Kawu?"

"Lafiya lau. Gahawa ta yi tsada bana, mutane na tsimi."

"Kofi nawa aka ba ka a gidan Evert?"

"Matarsa ba ta jin daɗi."

"Evert da ka rufa wa rumbu sau biyu? Wanda ka sauko da shi a gadon bayanka ranar da ya karya ƙafa? Wa ya ƙara maka, Kawu? Faɗi mutum ɗaya."

"Signhild. Har uku ta zuba."

Inna Signhild shekararta tamanin da uku, da sanda take tafiya.

"Kawu, kada ka yaye tsohuwar jinkar. Mu lallaɓa ta ta kai baɗi."

"Ba za ta kai ba, na hau na gani. Kuma za su zo. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa kiran gayya aka ƙi ba. Fushi daban, rufi daban."

Mutumin da ya karanta Jamusanci da ƙamus, ya kasa karanta kofi ashirin da shida! Ko kuma ya karanta, ya ƙi yarda. Juma'a ya yaye rufin kamar yadda aka saba mai gida ya yi ana gobe gayya. Ya yanka 'yan raguna biyu. Mahaifiyata Ragna ta wuni tana gashin fanke. Muka jera tebura na mutum talatin a ƙarƙashin itacen tuffa.

Asabar ƙarfe bakwai na safe, ga waɗanda suka hallara: Kawu, ni, mahaifiyata, Inna Signhild da sandarta, sai wasu 'yan Poland biyu masu tonon dankali da na jawo da alƙawarin nama. Shida. Motoci na zuwa su rage gudu, su leƙa, su wuce. Can sai ga Evert a kan tarakta, ya kafe ido a ɗaya gefen hanya kamar ya hango zinariya a gonar gwoza.

Inna Signhild ta ɗaga sanda. "Evert! Wuyanka ne ya ƙage? Juyo mana! Ni na yi maka wankan jarirai, na san abin da kake taƙama da shi ba shi da yawa!"

Ya ƙara wuta ya wuce.

Kawu ya jira har takwas da rabi, yana gyara cokulan da babu abin da ya same su, sannan ya hau tsani. Mu shida muka kama aikin mutum talatin. Mu ɗora a kudu, mu zagaya a guje mu ɗora a arewa don kada ya karkata, Kawu shi kaɗai a sama yana shimfiɗawa yana tattakawa, mai shekara sittin da tara. Inna Signhild na zaune tana zagin duk motar da ta wuce da sunan uwar mai ita. Aikin rana ɗaya ya cinye Asabar, Lahadi, Litinin. 'Yan Poland suka koma dankalinsu, ba laifinsu. Talata da hantsi, saura ƙololuwa, ruwa ya sauko. Muka ja shuɗin tamfol muka rufe, amma kafin mu ɗaure ya riga ya sha.

Da aka ɗauke, Kawu ya cusa hannu cikin jinkar har gwiwar hannu, ya zaro, ya shinshina. Ya goge a wando. Ag in ruwa ya shige ta kafin a rufe, daga ciki take ruɓewa. Shi ya koya wa garin haka.

Naman nan muka yi mako biyu muna ci. Har yau ba na son ƙanshinsa.

Rufin ya kai Fabrairu. Wata guguwa ta taso daga teku, gefen arewa ya zame gaba ɗaya, katakai uku suka karye, tumaki biyu suka mutu a ƙasa, ingirici ya zama taki. A Maris wani mutum daga kudancin tsibiri ya zo da babbar mota ya kwashe arba'in ɗin. Kawu da kansa ya kora su ciki, yana kiran kowace da sunanta. Fasto ne kawai aka bari, don ya gwada wa mai motar halinsa. Ranar ma motoci sun wuce, sun rage gudu. Mutanenmu akwai tausayi ta taga.

Wata guda bayan haka ina kicin ɗin Kawu sai ga Sixten, hula a hannu. Ashe an fito da wani tallafin na ceto tsofaffin gine-gine, ɗakin tumakin Kawu kuma shi ne mafi tsufa a yankin, kuma duk ƙauyen babu wanda ya iya jagorantar baibaya sai mutum ɗaya. Kawu ya ba shi kujera, ya zuba masa gahawa. Sixten ya yi zancen iska. Ya buɗe baki zai yi zancen tumaki, ya tuna, ya rufe. Can ya ce, "Ƙungiya tana tunanin taɓa rufin nan. Asabar ta biyu a Agusta."

Ya shanye kofinsa ya ajiye. Ni kuwa na ɗauke butar na ɗora a kan firji, inda hannun Kawu ba ya kaiwa.

"Melker, miƙo butar."

"Ta ƙare."

"Miƙo."

"Kawu, gida ashirin da shida!"

"Da ƙafata na taka su, ba sai ka gaya mini ba. Miƙo, ko in hau kujera a gaban baƙo."

Na miƙa. Ya riƙe ta a saman kofin, bai zuba ba tukuna.

"Allon fa?"

"Za a gyara," in ji Sixten, idonsa a kan tebur.

"A rubuta masu zubawa. A rubuta kuma masana ba su daidaita ba, kada a yi ƙarya ta wancan gefen."

Sannan ya zuba, har ya kusa tumbatsa. Na fita na bar musu kicin ɗin, na je na zauna wurin Fasto, shi kaɗai ne a gidan yake da irin ra'ayina.

A Agusta mutum arba'in da huɗu suka zo. Ɗan jarida ya zo. Evert ne a sahun gaba, wuyansa ya warke. Kawu na sama yana ba da umarni kamar babu abin da ya taɓa faruwa, kafin ƙarfe huɗu an rufe ƙololuwa. Ni aka ba tulun dricka. Kowa kofi ɗaya na zuba masa, ina kallon tsakiyar idonsa, in ya sake miƙowa in tambaye shi nawa litar fetur yanzu. Inna Signhild ce kawai ta sha uku.

Rufin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An ce zai kai shekara hamsin. Masu yawon buɗe ido suna tsayawa su ɗauki hoto, wasu su leƙa ciki, su ga wuri fayau na tumaki arba'in da biyu, da tsohon rago ɗaya a tsakiya yana kallonsu.

Allon ma an mayar. Fuskar mai kwalkwali duk ta lotse, aikin Fasto. Gyaran da Sixten ya yi alkawari kuwa, ba a sake bugawa ba, wata 'yar takarda mai danƙo aka liƙa a kan layin. In aka yi ruwa sai gefenta ya ɗago, "mutanen daji" su leƙo ta ƙasa. Kawu yanzu ba shi da tumakin kora, amma kullum da safe yakan zagaya bayan gona, da 'yar kwalbar gam a aljihu.